Tambaya: SSID ɗaya, subnet biyu, kira na yankewa a matakala

Assalamu alaikum 'yan uwa masana. Ga matsalar Wi-Fi da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa.

Bene ne mai hawa biyu, da na'urorin AP (masu watsa Wi-Fi) huɗu, dukkansu da SSID (sunan Wi-Fi) ɗaya da tsarin tsaro na WPA2-Enterprise. Uku na ƙasa suna kan subnet (rukunin adireshin IP) 192.168.10.0/24, tashoshi 1, 6 da 11 a 2.4 GHz. Na saman kuwa yana kan 192.168.20.0/24, a bayan rauta (na'urar da ke tsakanin subnet biyun).

Tsakanin ukun ƙasa waya tana sauya BSSID (lambar shaidar AP ɗin da take kai) ba tare da kira ya yanke ba, tunda an kunna 802.11r (tsarin saurin sauya AP) kuma lambar MDID ɗinsu, mai nuna rukunin da suke ciki, ɗaya ce. Amma da zarar an hau matakala, wayar takan maƙale wa AP na ƙasa har sigina ya raunana ya kai -80 dBm, sannan ta koma na sama, ta nemi sabon adireshin IP daga DHCP (mai raba adireshi), kiran VoIP (kira ta intanet) ya mutu.

A ƙa'idar 802.11 ta Wi-Fi, ESS tarin BSS ne (kowane BSS shi ne AP da na'urorin da ke kansa) da DS (hanyar da ke haɗa AP da AP) ya haɗa, har matakin LLC, wanda ke saman na Wi-Fi, yake ganinsu kamar abu guda. To, shin AP na saman yana cikin ESS ɗin nan saboda sunan ya zo ɗaya, ko kuwa rautar ta riga ta yanke iyaka, wannan sauyin ESS ne wanda ƙa'idar ba ta lamunce ɗorewar haɗi a cikinsa ba?

Idan haka ne, miƙa VLAN 10 (wato cibiyar da AP na ƙasa suke kai) zuwa sama ta hanyar trunk (layin da ke ɗaukar VLAN fiye da ɗaya) zai wadatar? Maƙalewar kuma, rage ƙarfin watsawa ya fi, ko kunna 802.11k da 802.11v (masu taimaka wa waya ta koma AP mafi dacewa)? Allah ya saka da alheri.