Neman shawara: muna so mu kai yara Yankari su ga namun daji

Maman Biyu:
Slm 'yan uwa barkanmu da warhaka, dan Allah shawara nake nema. Abban yara ne ya yi musu alƙawari in sun ci jarabawa zai kai su su ga giwa da zaki a daji ba a gidan zu ba, to ga shi sun ci kuma sun hana mu sakat. Da farko Kenya ya so wai Masai Mara, da ya buga lissafin kuɗin jirgi na mutum biyar sai jikinsa ya yi sanyi ya ce Yankari ma ai daji ne. Daga Kano za mu tashi a motarmu, yaran ɗaya shekara 9 ɗaya 5, ga Hajiya surukata ta ce ƙafarta ƙafarmu. Hutun Agusta muke so, ya kuka gani?

Ɗan Alkaleri:
Wslm Maman Biyu. Agusta kam ban ba ku shawara ba, tsakiyar damina ce ciyawa ta fi mutum tsayi, ruwa ko'ina, dabbobin sun watse cikin daji kuma dajin nan ya haura murabba'in kilomita 2,200, sai ku wuni a mota ba ku ga komai ba sai ganye. Ku yi haƙuri zuwa rani, daga Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin tafkuna sun ƙafe dole kowace dabba ta gangaro kogin Gaji shan ruwa, a nan ake ganin giwa da ɓauna da gwanki. Akwai zafi ba ƙarya amma shi ne lokacin. In kun iso Bauchi ku ɗauki hanyar Gombe, a Dindima za ku yi dama har get ɗin Mainamaji, kuma kada ku ɗauka kun iso, daga get zuwa sansanin Wikki akwai sama da kilomita 40. Ku cika tanki tun daga Bauchi, ku yi sammako, banda tafiyar dare.

Antin Yara:
Ni dai gwaggon biri zan ja miki kunne a kai 😂 Wlh sun fi ɓarawon kasuwa ido. Muna sauke kaya daga but na ajiye ledar biredi a kan mota na juya zan ɗauko kula, kafin in waiwayo wani ƙato ya sure ta ya koma gefe ya zauna yana yage ledar da hannu kamar mutum yana kallona. Kada ki bar ɗan shekara 5 ɗin nan ya riƙe biskit a waje, ɗaki kuma a kulle da makulli har taga. Gadu ma suna yawo cikin sansanin, su dai ba ruwansu da kowa in ba a tsokane su ba.

Malamin Makaranta:
Ku gyara alƙawarin tun a gida. Zakunan da suka rage a Yankari kaɗan ne ƙwarai, ganinsu sai mai rabo, ita ma giwar ba kullum ba. Ku shiga motar zagaye ta sassafe ko ta yamma tare da ma'aikacin gandun, da rana tsaka duk suna inuwa. Raƙumin dawa da jakin dawa kuwa a gandun dajin Sumu suke, cikin ƙaramar hukumar Ganjuwa, daga Namibiya aka kawo su a 2006, kuma kusan kan hanyarku ne in ta Ningi kuka biyo.

Antin Yara:
Au na manta, a saka wa yara riga mai dogon hannu saboda tsando, cizonsa ba daɗi, ki tafi da maganin sauro. Hajiya kuma ruwan Wikki zai mata daɗi, ɗuminsa digiri 31 ne rani da damina, garau har yashin ƙasa kina gani, ku je da safe kafin samari su cika wajen. Amma wani ɓangaren ya fi ƙarfin yaro, hannunsu a naki.

Maman Biyu:
Na gode Allah ya bar zumunci. Na karanta wa Abbansu ya ce to sai hutun Afrilu, maganar zaki kuma ya ce ni zan faɗa musu, shi da ya yi alƙawarin 🙄