Man tim kwalba biyu, ƙamshi daban: ko jabu aka ba ni?

Mai sabulu, Bukoki: Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina haɗa sabulun wanka na sayarwa nan Yamai, ina ɗiga masa man tim, wato man da ake tatsowa daga ganyen ƙamshin nan da ake sa wa girki (thyme). Wanda na saba saye ƙamshinsa na hawa kai kamar magani. Wannan karon aka kawo mini wata kwalba mai ƙamshi sanyi-sanyi kamar fure, mai kayan kuma ya rantse tim ne na daji. Jabu ne ko in zuba?

Hajiya mai turare: Wa alaikumus salam. Ƴata, mayar masa da kayansa. An sirka shi da man gyaɗa.

Malamin kimiyya: Hajiya, a yi mini afuwa, ba lallai ba ne. Tim na daji ba bakinsa ɗaya ba. A 1973 masu bincike a kudancin Faransa sun rarrabe mai iri 6 daga nau'in tsiro guda, alhali a ido ba ka bambanta ganyen. Na wuraren zafi da duwatsu yakan cika da sinadarin timol ko karbakurol, su ne masu ƙamshin nan mai hawa kai. Na inda hunturu ya fi tsanani yakan ba da linalol ko jeraniyol, kuma ƙamshin furen da kika ji ya yi kama da su. Akwai ma na Maroko mai yawan borneyol, shi ƙamshin kafur gare shi. Malama, ɗiga ɗigo a farar takarda ki bar ta ta kwana. Man gyaɗa zai bar tabon maiƙo, na gaskiya kuwa tashi yake yi. Amma takarda ba ta kama turaren kanti da aka zuba. Wannan sai awon lab. Ki duba jikin kwalbar, masu kayan kirki suna rubuta sinadarin da ya fi yawa.

Hajiya mai turare: To, Malam, mun ƙaru. Amma dai a yi gwajin takardar.

Ƴar farmasi: Yaya, in dai na linalol ne, ya ma fi sauƙi ga fata. Timol na kashe ƙwayoyin cuta, shi ya sa yake cikin maganin kurkure baki na Listerine, amma tsagwaronsa ƙuna yake yi. Ko wanne ne, kada a sha, kada ya shiga sabulun jarirai. Sannan linalol na lalacewa da iska da zafi har ya koma sa ƙaiƙayi. Da zafin Afrilun Yamai, ki zuba shi a kwalba mai duhu, ki toshe sosai, ki sa a firij.

Mai sabulu, Bukoki: Allah ya saka da alheri. Ba a rubuta komai a kwalbar ba, sai "tim" da biro.

Malamin kimiyya: To ki gwada a sabulu kaɗan tukuna, kada ki haɗa na kasuwa.