Tun rasuwar yayata numfashina ke sarƙewa in ina gudu

Assalamu alaikum. Masu gudun dogon zango, don Allah ku taimaka min.

Wata biyar ke nan da rasuwar yayata, kansar mama ce ajalinta. Na yi rajistar tseren kilomita 10 na gasar Legas da ake yi a watan Fabrairu, saboda ita ce ta saya min takalmin da nake gudu da shi. Saura mako shida.

A da, kilomita 10 ba ta kai ni awa ɗaya. Yanzu da na kai ta huɗu sai maƙogwarona ya shaƙe kamar an ɗaure shi da igiya, ƙirjina ya yi nauyi, hawaye su ɓalle. Ƙafafuna lafiya lau, ko tsami ba sa yi. Jiya gefen titi na tsuguna, har wani mai acaba ya tsaya yana min sannu.

Na ɗauka hanyar Shika da nake bi a nan Zariya ce ke jawo min, tunda ta nan muke kai yayata asibiti, sai na koma bin Samaru zuwa Kwangila. Duk ɗaya. Na bar gudun Asuba saboda ƙurar hunturu na koma na yamma, na sa karatun Alƙur'ani a kunne, bai hana ba. Da na tafi da abokina ma abin ya fi muni, don kunya ta sa ina danne kukan. Likita ya auna jinina, ya saurari ƙirjina, ya ce bai ga komai ba.

Wanda ya taɓa gudu da irin wannan nauyin a zuciya, me kake yi a daidai lokacin da numfashin ya sarƙe har ka iya ƙarasawa?