Neman kalma: ganyen bishiyoyin Turai da ke sauya launi tun lokacinsa bai yi ba

Mai Fassarar Labarai:
Assalamu alaikum malamai. Akwai rahoton da zai shiga shirin noma da muhalli gobe da ƙarfe goma na safe, kalma ɗaya ta hana a rufe shi. Kan abin da ya faru a Ingila a 2022 ne. Ranar 19 ga Yuli zafi ya kai digiri 40.3 a garin Coningsby, kuma rabon Ingila da Yuli mai ƙarancin ruwa haka tun 1935. Ana shiga Agusta sai bishiyoyi suka yi ruwan ɗorawa suna zubar da ganye, abin da aka saba gani a Oktoba da Nuwamba. 'Yan jaridarsu suka raɗa masa "false autumn". Na sa "kakar ƙarya", amma bai kwanta mini ba. A taimaka.

Editan Dare:
Kakar ƙarya ta yi, Malama. Ko kakar bogi. Gajera ce, tana shiga kanun labari.

Ɗan Gandun Daji:
Wa alaikumus salam. Kafin a raɗa suna a tantance abin da rahoton ke nufi, don abu uku ne 'yan jarida ke zubawa a buhu ɗaya. Akwai bishiyar da ta janye koren ganyenta da kanta, ganyen ya yi ɗorawa gaba ɗaya, ya faɗi da marikinsa. Haka bishiyar nan mai farin ɓawo da suke kira birch take yi, tana cikin masu fara zubarwa in an yi fari. Akwai kuma ganyen da zafi ya ƙona: daga baki-baki yake fara bushewa, ya koma ruwan ƙasa, ya nannaɗe, tsakiyarsa da sauran kore, kuma sau da yawa yana nan maƙale bai faɗi ba. Abin da aka gani ke nan a dazukan wata bishiyar Turai da suke kira beech, a Suwizalan da Jamus, a 2018, tun ƙarshen Yuli. Na ukun ba ruwansa da fari. Wata bishiyarsu da suke kira horse chestnut kusan kowace shekara ganyenta na komawa ruwan ƙasa tun Yuli ko Agusta saboda wata 'yar tsutsa da ke cin cikin ganyen. A kusa da tafkin Ohrid na Masedoniya aka fara ganin ƙwaron a shekarun 1980, ya bayyana a Wimbledon da ke Landan a 2002. Ki ɗaga irin wannan ganyen wajen haske, za ki ga ramin da tsutsar ta bi tsakanin fatar sama da ta ƙasa, wani lokaci har da ita kanta a ciki.

Malamar Kimiyyar Tsirrai:
Gaskiyar Malam. In ƙara da yadda na farkon ke faruwa, don daga nan kalmar za ta fito. Ganye yana da ƙananan ƙofofi, mafi yawansu a bayansa, ta nan yake shaƙar iska, ta nan ruwa ke fita ya sanyaya shi. Ƙasa na bushewa sai bishiya ta tara wani sinadari da ke rufe ƙofofin. An tsare ruwa, amma an hana ganye haɗa abinci, an kuma hana shi sanyaya kansa. Idan abin ya daɗe, ganyen ya zama kaya, sai ta fara wargaza kulorofil, ta kwashe naitirojin da fosfaras ta mayar cikin reshe. A zubar ganye ta ƙa'ida tana ƙwato kusan rabi ko fiye. Ɗorawar da ake gani ba sabon launi ba ne, dama tana cikin ganyen, kore ne ya rufe ta. Daga nan sai a gindin marikin ganyen a yi wani layi mai rauni, ya tsinke daga nan, wurin ya toshe. Jan launin nan mai kyau na Oktoba kuwa ƙirƙirarsa ake yi daga sukari, yana son rana mai haske da dare mai sanyi. Shi ya sa ganyen Agusta ya fi yawan zama ɗorawa mai duhu ko ruwan ƙasa.

A ƙonewa kuma babu wannan tsarin. Jijiyoyin da ke kai ruwa sama iska ce ke shiga cikinsu ta yanke ruwan, ganye ya mutu da abincinsa a ciki. Ina ba da shawarar "tsufan ganye da wuri" ga na farko, "ƙunar ganye" ga na biyu.

Hausa Tsantsa:
Dakta, da girmamawa, kin zuba mana kulorofil da naitirojin da fosfaras a zauren neman kalmar Hausa. Sannan ita "kakar ƙarya" aro ce ta bayan gida. Kaka lokacin girbi ce, lokacin da gero ke shiga rumbu, ana biyan bashi ana ɗaura aure. Wane Bahaushe ne zai ji kaka ya tuna da ganye? Masu fassara ne suka liƙa wa lokacin zubar ganyen Turai wannan suna don ba su sami wani ba, yanzu kuma za a ɗora ƙarya a kan kuskure. Kalmar tana nan a bakin mutane: ɓari. Abin da ya faɗo kafin lokacinsa ɓari ne. Ɓarin ganye. Kalma biyu, ba aro, ba bayani.

Editan Dare:
Ɓarin ganye yana da daɗin faɗa, wannan kam.

Malamar Kimiyyar Tsirrai:
Malam, kulorofil ka ce "sinadarin koren ganye", na yarda, ya ma fi. Naitirojin kuwa duk manomin da ya taɓa sayen yuriya ko NPK ya san da zamansa. Amma ɓari faɗuwa kawai ya ɗauka. Tambayar Malama kan sauyin launi ce, kuma ƙonannen ganyen beech zai yi makonni a jikin reshe bai faɗo ba. Me ya ɓare a nan? Sannan ɓari asara ce tsagwaronta. Ita kuwa bishiyar da ta zubar da ganye cikin tsari dabarar tsira ta yi, ta rage bakunan da ke shanye mata ruwa.

Hausa Tsantsa:
Dabara ce amma ta dole. Wata biyu na haɗa abinci sun tafi, in wannan ba asara ba ce mece ce? Ku da kuka yi karatu da Turanci kullum sai kun auna kalmar Hausa da ma'aunin littafinku, in ta rage ɗigo ɗaya ku jefar. Su Turawan da suka ce "false autumn" ai ba daidai take da kimiyya ba, amma ba wanda ya hana su.

Na Damagaram:
Ni ina tare da Malam a kan kaka, amma ba a kan ɓari ba. Kuma tunda an tabo zancen tsantsa, tsantsar wa? A wurare da yawa na Nijar da ƙasar Sakkwato kunnuwan icce ake cewa, kuma tsanwa ta fi kore yawo a baki. Kowane lokaci aka zo raɗa kalma sai a yanke da Hausar Kano, a ce an gama, alhali shirin nan har Maraɗi da Tawa ana jin sa. Shawarata "sammakon kaka" in dole sai kaka ta fito, in ba dole ba "kaɗewar wuri".

Editan Dare:
Ranka ya daɗe, ba raini ba ne. Daidaitacciyar Hausa ce ta aikin jarida, kuma ba wanda zai ji ganye a Damagaram ya kasa ganewa.

Na Damagaram:
Mu muna gane taku saboda mun saurara. Ku ma ku riƙa saurara.

Hausa Tsantsa:
Sammako abin yabo ne, mai himma ke yin sa. Bishiyar da ke shan wuya ba sammako ta yi ba. Kuma gidajen rediyon waje su suka saba mana da wannan ɗabi'a ta bin Turanci kalma da kalma, bazara ta zama lokacin zafin Turai yau, gobe ta zama lokacin tohonsu, ba wanda ya san wacce ake nufi. In ba mu tsaya a kan tamu ba a ƙaramin abu irin wannan, a ina za mu tsaya?

Ɗan Gandun Daji:
Zancen bazara gaskiya ne, Malama ki kula da shi. Zafinsu Yuni zuwa Agusta ne, daidai tsakiyar daminarmu. Ki faɗi watannin kawai. Wani abu kuma, mai sauraronmu bai ɗauki zubar ganye abin mamaki ba. Kuka na tuɓewa bayan damina ta tsaya haka har ruwa ya kusa, gawo kuwa da damina yake zubar da nasa. A nan rashin ruwa ne agogon yawancin itatuwanmu. A can gajartar yini da shigowar sanyi ne agogon. Labarin shi ne fari ya karɓe aikin sanyi. In ba a faɗi wannan ba, kowace kalma aka sa, manomi zai ce to sai me.

Mai Renon Bishiyoyi:
Tunda shirin na manoma ne, za a tambayi abin yi, kuma shi ɗaya ne ko a Landan ko ga mai dashen mangwaro da lemo a Afrilu. Da farko a tabbatar ƙishirwa ce. A tona ƙasa zurfin santimita 10 zuwa 15 a ƙarƙashin inuwar bishiyar, a dunƙula a hannu. In ta wargaje, ƙishirwa ce. In ta yi caɓi tana wari, ruwa ne ya yi yawa, saiwa ta rasa iska, kuma ganyen ɗorawa zai yi iri ɗaya, nan mutane ke ƙara ruwa su ƙarasa ta. In sabon ganye ne ya koɗe jijiyoyinsa na nan kore, ƙarancin sinadarin ƙarfe ne. In tsofaffin ganyen ƙasa ne suka fara koɗewa gaba ɗaya alhali akwai laima, a duba naitirojin.

In ƙishirwa ce, sabon dashe na shekara ukun farko a Ingila lita 50 a mako ake ba shi lokacin zafi, wato jarka biyu ta lita 25. A ƙasa mai yashi a raba shi biyu ko uku a mako. A zuba a hankali da yamma ko da asuba. Yayyafin kullum ba ya wuce saman ƙasa, sai ya jawo saiwa sama inda rana za ta dafa ta. Babbar bishiya ba a gindinta ake zubawa ba, a kewayen da rassanta suka ƙare ne ƙananan saiwoyin da ke sha suke. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ɓawon itace kaurin santimita 5 zuwa 10, a bar tazarar tafin hannu daga jikin kututture don kada ɓawo ya ruɓe ko gara ta samu hanya. Kada a sa takin zamani, gishirinsa na ƙona saiwa a busasshiyar ƙasa, kuma yana tilasta toho da ba ruwan riƙe shi. Kada a yi gaggawar sara. A kankare ɓawon ƙaramin reshe da farce: in akwai kore mai laima a ƙasa, da ranta.

Malamar Kimiyyar Tsirrai:
A ƙara da cewa hukuncin ba a shekarar ake yanke shi ba. Bishiyoyin beech da suka bushe da wuri a 2018, da yawansu a shekarun da suka biyo baya aka ga rassan samansu na mutuwa. Wadda kuma ta sake toho da ruwan Satumba daga ajiyarta ta ci, kuma ɗanyen tohon sanyi na iya kashe shi. Shi ya sa "ƙarya" ke damuna, tana sa a ji kamar abin kallo ne da zai wuce.

Hausa Tsantsa:
To kin dawo kan maganata, Dakta. Asara ce. Ɓari.

Mai Fassarar Labarai:
Na gode ƙwarai malamai, Allah ya ƙara basira. Ga yadda na tsayar: "Fari da tsananin zafi sun sa bishiyoyi a Ingila kaɗe ganye da wuri. A can sanyin Oktoba da Nuwamba ne ke sa ganye ya yi ɗorawa ya zuba, amma a 2022 tun Agusta aka gani. Wasu kuma ƙunar ganye ce ta same su, inda ganyen ya bushe a jikin reshe." Kaɗewar ganye da wuri da ƙunar ganye, su zan riƙa maimaitawa. Ɓarin ganye ban sa ba, Malam, ka yi haƙuri. Bayan abin da Dakta ta faɗa, mata da yawa na jin shirin, kuma kalmar tana da nauyi a wurin wadda abin ya taɓa samu.

Editan Dare:
Ciki ya yi. Amma kanun labarin ya yi tsawo, "kakar ƙarya" za ta zauna a can sau ɗaya, a ce inji 'yan jaridar Ingila.

Na Damagaram:
Kaɗewar wuri dai aka ɗauka aka ƙara mata ganye a tsakiya. Ba komai. Tsufan ganye da wuri na Dakta a ajiye shi don littafin makaranta, can ya fi dacewa.

Hausa Tsantsa:
Hujjar mata na karɓa, ta Dakta ban karɓa ba. Kaɗewar ganye da wuri bayani ne, ba suna ba ne, kuma har yanzu bai ce komai kan launi ba. In dai kaka za ta hau kanun labari, a rubuta cewa ban yarda ba.