Tun da na haifi ta biyu ba na yarda maigida ya ga jikina, ku ba ni shawara

Mai tambaya (a sakaya sunana): Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina zaune a Garwa, yarana biyu, ƙaramar watanta bakwai, tana shan nono. Tun da na haife ta cikina ya saki, nankarwa ta fito min har cinya. Duk zafin garin nan ba na cire riga in maigida yana ɗaki, kuma sai na kashe fitila kafin ya kusance ni. In ana auratayya hankalina ba ya wajen, ina ta tunanin ko hannunsa ya taɓa tumbin nan, ko yana gwada ni da wata a ransa. Ga bushewa, ga zafi, amma ban taɓa ce masa a'a ba don tsoron kar ya ƙaro aure. In na kira shi sau biyu bai ɗaga ba sai in ji ƙirjina na bugawa. Shi kuwa wallahi bai taɓa kushe ni ba. Na sha tsimi, na ci gumba, na yi matsi, na shafa man ƙarin haske, babu abin da ya canza. Me ke damuna?

Maman 'Yan Biyu: Wa alaikumus salam. Ƙila kayan da aka haɗa miki ne ba su da kyau. Ki nemi haɗin 'yan Cadi, ki riƙa cin kankana da dabino da madara.

Ungozoma daga Marwa: Maman 'Yan Biyu, kankana da dabino abinci ne, ta ci. Amma matsi ta bar shi yau ɗin nan. Ƙanwata, mace mai shayarwa sinadarin da ke kawo ruwan nono, furolaktin, yana hawa a jikinta, shi kuma istirojin mai kawo ni'ima yana sauka. Shi ya sa masu goyo da yawa ke fama da bushewa da ƙarancin sha'awa, kuma yakan warware in an rage shayarwa ko al'ada ta dawo. To ke kin ɗauki alimun ko garin itace kin cusa a wurin da dama a bushe yake, ai sai ya ƙara bushewa, fatar ta tsage, ciwon sanyi ya samu ƙofa. Ki je famasi ki sayi man sulɓi na ma'aurata wanda aka yi da ruwa. Ki kuma zo asibiti a duba ki, musamman in an yi miki ƙari ko ɗinki a haihuwa, don wani lokaci tabon ne ke zafi. Man hasken ma ki ajiye. Da yawansu suna ɗauke da maganin da ke sa fata ta yi siriri, shi kansa yana kawo nankarwa. A 2022 ma'aikatar lafiya ta Kamaru ta hana shigo da mayukan da ke da irin waɗannan sinadarai da sayar da su, duk da haka suna nan cike da kasuwa.

Malamar makaranta, Ngaundere: Anti Ungozoma ta gama da ɓangaren jiki. Ni abin da ya tsaya min shi ne kiran wayar nan da kuma rashin iya cewa a'a. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ingila, John Bowlby, da abokiyar aikinsa Mary Ainsworth, wadda ta yi bincike a kan jarirai a Yuganda, sun nuna cewa yadda yaro ya shaƙu da mai renonsa yana koya masa abin da zai sa rai daga mutane. A 1987 wasu masu bincike biyu, Hazan da Shaver, suka nuna haka abin yake har a soyayyar manya. Wata hankalinta kwance yake, ta san ko miji ya fita zai dawo. Wata kullum cikin fargabar a bar ta take. Wata kuma janye jiki take, ba ta son dogara da kowa. Ke alamarki ta biyun ce. Mai wannan fargaba takan mayar da shimfiɗa wurin jarrabawa: yana sona har yanzu ko ya daina? Kuma tunda tana ganin jikinta ne ke riƙe mata miji, kowane layi na nankarwa barazana ne a wajenta. Sai ta koma 'yar kallo, tana sa wa kanta ido maimakon ta ji abin da jikinta ke ji. Masu bincike kan auratayya, Masters da Johnson, sun bayyana wannan hali tun 1970. Hankalin da ke gadi ba ya barin jiki ya saki, jikin da bai saki ba ba ya kawo ni'ima, zafi ya biyo baya, gobe kuma tsoro ya ƙaru. In ba damuwa, wa ya rene ki?

Mai tambaya: Malama, jikina ya yi sanyi. Ina shekara huɗu auren innarmu ya mutu, aka kai ni riƙo wurin goggona. Ba ta zalunce ni ba, amma in na yi laifi takan ce za ta mayar da ni inda aka ɗauko ni. Na taso ina sharar da ba a sa ni ba don kar a gaji da ni.

Hajiya Babba: Ni fa ban yarda a ɗora wa riƙo laifi ba. Mu nan duk a hannun kakanni da goggonni muka tashi, muka yi aure muka zauna lafiya. 'Yata, ki riƙe addu'a. Kuma ki sani Nana A'isha ta ruwaito cewa ita da Annabi (SAW) suna wanka daga mazubi ɗaya. Babu kunyar da addini ya ɗora miki tsakaninki da mijinki.

Malamar makaranta: Gaskiyarki Hajiya, Allah ya ƙara girma. Binciken da aka yi a kan jariran Hausawa a Najeriya, aka buga a 1977, ya ga jariri na shaƙuwa da mutum fiye da ɗaya a gida. Yawan hannu ba shi ne illa ba. Kalmar nan ta "zan mayar da ke" ita ce ta zauna mata a rai. Kuma halin yana canzawa, musamman a hannun miji mai kwantar da hankali irin nata.

'Yar Njamena: Ni akasinki ce 'yar uwa. Da an gama nake tashi in shige banɗaki, ko riƙe hannuna ya yi sai in ji na takura. Shekaru yana zaton ƙinsa nake. Abin da ya taimake mu hira ce da rana, a zaune, ba a kan gado ba. Ki faɗa masa zafin da kike ji. Namijin kirki in ya gane matarsa na cije baki tana haƙuri da shi, shi ma abin zai dame shi.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. To amma ta ina zan fara? In na ce ina jin zafi ba zai ɗauka na gaji da shi ba?

Ungozoma daga Marwa: Ki fara da abin da kike so kafin abin da ke damunki. Ki ce, "Abban yara, ina son kusancinmu, amma tun haihuwa nake jin zafi, ina so mu je asibiti tare." In ya zo ni ko wata irina za mu yi masa bayanin shayarwar da bakinmu. Kafin nan ku ɗan jinkirta saduwar, ku tsaya a wasa da tausa, kuma duk sanda hankalinki ya gudu wurin tumbi ki dawo da shi kan numfashinki da ɗumin hannunsa. Fitilar ba sai kin kunna babba ba, hasken waya a kife ya isa farawa. In kuma bugun ƙirjin na hana ki barci, ko kina yawan kuka ba dalili, ki faɗa wa likita ranar, don akwai ciwon damuwa na bayan haihuwa, kuma ana maganinsa.