Kura da Shan Bugu, Gardi da Kwasar Kuɗi? Gardamar Gidanmu Kan Amurkawa a Yaƙin Hitila

Auta: Salamu alaikum 'yan gida. Jiya mun yi musu da wani a makaranta har muryata ta dushe, na ce bari in kawo ƙara gaban manya. Ni dai abin da na tsaya a kai shi ne, a Yaƙin Duniya na Biyu Amurkawa ba yaƙi suka yi ba, kasuwa suka ci. Tarayyar Sobiyet ta rasa rayuka wajen miliyan 27, su kuwa dubu 400 da 'yan kai. An fara gwabzawa tun 1939, ba su shigo ba sai Disamban 1941, shi ma sai da Japan ta je ta tsokano su a Pearl Harbor. Ko taga ɗaya ba a fasa a New York ba. Da ƙura ta lafa kowa ya tsiyace, su kaɗai suka fito da teɓa. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Mai ja, ga fili ga mai doki.

Yaya Direba: Wa alaikumus salam. Kai Auta, ka taɓa kwana a daji saboda taya ɗaya? Ni na kwana. Soja komai jarumtarsa, in babu motar da za ta kai masa harsashi da abinci, gawa ce da ba a binne ba tukuna. Manyan motoci da jif wajen dubu 400 Amurka ta aika wa Rasha, ban da kawunan jirgin ƙasa da man jirgin sama da takalma. Har naman gwangwani. Ka je ka tambaya a bayan wace mota aka fi ɗora rokokin nan na Rasha, Katyusha, za a ce maka Studebaker, ƙirar Amurka.

Auta: Ai ka ƙarfafa min hujja, Yaya. Dillanci ke nan. Wani ya ba da mota, wani ya ba da ɗansa. Sojojin Rasha ma ba'a suke yi, suna kiran naman gwangwanin nan "fage na biyu", don an yi ta yi musu alkawarin buɗe wani fagen daga a Faransa, ba a cika ba sai 6 ga Yunin 1944. A lokacin Rasha ta gama da sojojin Jamus a Stalingrad tun Fabrairun 1943.

Kawu Malam: To, na ga an taɓo sana'ata. Auta, alƙalumanka daidai ne, ba zan taɓa ko ɗaya ba. Zan ma ƙara maka: wajen kashi uku cikin huɗu na sojojin Jamus da suka mutu, a hannun Rasha suka mutu. Duk wanda ya ce Amurka kaɗai ta kayar da Hitila, silima ya kalla.

Inda ka zame shi ne ka cusa abu biyu a buhu ɗaya: ƙasa da mutanen cikinta. Ƙasar Amurka ta fito da arziki, babu musu. Amma mutum miliyan 16 aka saka wa kaki. Tun Satumban 1940, kafin su shiga yaƙin ma, aka kafa dokar ɗibar samari tilas. Akwai wani ɗan gari a jihar Virginia mai suna Bedford, mutanensa ba su wuce 3,200 ba. A safiyar 6 ga Yunin nan da kake cewa sun makara, samarinsu 19 suka faɗi a gaɓar Normandy ta Faransa. Sai a watan Yuli wayar tangaraho ta fara shigowa garin, ɗaya na bin ɗaya. A zamanin, gidan da ke da ɗa a fagen daga yakan rataya ƙyalle mai shuɗin tauraro a taga. In ɗan ya mutu sai a mayar da tauraron ruwan zinariya. Wani gida a Iowa taurari biyar suka canza a tashi ɗaya, 'yan gidan Sullivan, uwa ɗaya uba ɗaya, jirgin ruwansu ya nutse a Nuwamban 1942. Je ka gaya wa tsohuwar nan kasuwa ta ci.

Auta: Allah ya ƙara girma Kawu, na ji. Amma a Rasha ai irin Bedford dubbai ne, har ma ba wanda ya rage da zai rataya ƙyallen.

Kawu Malam: Haka ne. Ciwon wani ya fi na wani. Amma ba cewa ka yi nasu ya fi sauƙi ba, cewa ka yi ba su yi yaƙi ba. Kuma ka tsallake rabin duniya. Wa ya nutsar da manyan jiragen ruwan Japan huɗu a Midway a Yunin 1942? A ɗan tsibirin Iwo Jima kaɗai sojojinsu kusan 7,000 suka mutu cikin mako biyar.

Anti Nas: Ni fa na fi karkata wajen Auta, amma ba ta ƙofar da ya shigo ba. In ana cewa "Amurkawa", sai in ce waɗanne? Baƙaƙen fata fiye da miliyan ɗaya suka shiga soja, aka ware su a rundunoni daban, akasari aka ba su dako da girki da haƙa. Abin da ya fi tsaya min a rai, wataƙila don aikina ne: hatta jinin da aka ba da gudummawa, na baƙi daban ake ajiyewa, na farare daban. Jini fa! Ni da nake ɗaura shi kullum, ban taɓa ganin ledar da ta nuna launin mai ita ba. A kudancin ƙasar akwai wuraren da fursunan yaƙi Bajamushe zai zauna ya ci abinci, baƙin sojan da ke sanye da kakin Amurka kuwa sai dai ta ƙofar baya. Shi ya sa jaridar baƙaƙe ta Pittsburgh Courier ta fito da kiran nasara biyu a 1942, ɗaya kan Hitila, ɗaya kan wariya a gida. A Yunin 1943, ana tsakiyar yaƙi, rikicin launin fata ya ɓarke a Detroit, mutum 34 suka mutu, 25 baƙaƙe. Sai 1948 Shugaba Truman ya sa hannu a daina ware sojoji. To cikin su ma akwai kura akwai gardi.

Yaya Direba: Anti, kin tuna min 'yan'uwana. Bayan an sauka Normandy, layin dogon Faransa duk a wargaje, sai aka jera motoci wajen 6,000 suna jigila dare da rana daga bakin teku zuwa bakin daga. Red Ball Express ake ce musu. Kashi uku cikin huɗu na direbobin baƙaƙe ne. Amma in ana raba yabo, direba ko sunansa ba a kira. Har yau haka abin yake.

Auta: To mu dawo gida, wahalar me suka sha? An ce an yi musu rabon sukari da kofi. A Leningrad lokacin da Jamus ta yi mata ƙawanya, a ƙarshen 1941, rabon burodin wanda ba ma'aikaci ba giram 125 ne a yini. Wannan shi ne yaƙi ya shigo gida. Hana mutum shan kofi na biyu ba yaƙi ba ne.

Kawu Malam: Nan kam ka kama ni, ba zan yi gardama ba. Babu wanda yunwa ta kashe a Amurka saboda yaƙin. Talakawa da dama ma sun fi cin mai kyau a lokacin fiye da shekarun karayar arziki na 1930, domin rashin aikin yi ya sauko daga kusan kashi 15 cikin 100 a 1940 zuwa ƙasa da kashi 2 a 1944. Kasuwar bayan fage ta nama da fetur kuma ta ci sosai, ba waliyyai ba ne.

Sai dai ka dubi yadda aka juya rayuwarsu. Daga Fabrairun 1942 aka daina ƙera motar hawa gaba ɗaya, masana'antun suka koma tankoki da jirage. Mai ƙaramar mota galan 3 ko 4 na fetur yake samu a mako, kuma kada ya wuce mil 35 a awa don a tattala taya. Takalmi ma sai da takardar rabo. Matan gida suna tara kitsen da ya rage a kasko su kai wa mahauci, a sarrafa shi a yi nakiya. Harajin manyan masu kuɗi ya kai kashi 94 a kan saman abin da suka samu. Mata da ke aikin albashi suka tashi daga wajen miliyan 12 zuwa wajen 19, wasu da walda a hannu. Da haka aka ƙera jiragen sama kusan dubu 300 da jiragen dakon kaya na Liberty sama da 2,700. Wasu jiragen saman ma ta kanmu suka bi, daga gaɓar Gana su sauka Kano, su sauka Maiduguri, su wuce Khartum da Alƙahira.

Anti Nas: Kawu, kada a manta da waɗanda aka juya tasu rayuwar ba da son ransu ba. A 19 ga Fabrairun 1942 Shugaba Roosevelt ya sa hannu a takardar da ta ba soja damar kwashe mutane wajen dubu 120 'yan asalin Japan daga gaɓar yamma. Kashi biyu cikin uku haifaffun ƙasar ne. Aka ce kowa ya ɗauki abin da hannunsa zai iya, gona da kanti suka tafi a arhar banza. Wasu a bargar dawakin sukuwa aka fara zuba su kafin a kai su sansanoni cikin waya mai ƙaya. Kuma daga cikin wayar nan aka ɗebi 'ya'yansu suka je Italiya da Faransa suka yi yaƙi a runduna ta 442. Sai 1988 gwamnati ta nemi gafara, ta ba kowane mai sauran rai dala dubu 20. Shekara 46, da yawa sun riga mu gidan gaskiya.

Gwaggo: Ni ce, jikata ke rubuta min. Ina jin ku tun ɗazu. Ni ban san Rasha ba ban san lissafi ba, amma Baba Soja, Allah ya jiƙansa, a bakinsa na ji labarin yaƙin Bama, can ƙasar Asiya. Ya ce a dajin da aka kai su babu hanyar mota, kaya a ka suke ɗauka. In abinci ya ƙare sai su share fili su zuba ido sama. Can sai ka ji gurnani, jirgi ya zo ƙasa-ƙasa ya sako buhuna, wasu da lema wasu haka nan tim. Ya ce akwai wanda buhu ya faɗo wa a kafaɗa, bai ƙara ɗaga hannun ba. Dakota yake kiran jirgin. Har ya tsufa in ya ji ƙarar jirgi sai ya ɗaga kai.

Kawu Malam: Yaya, kin kawo abin da babu a allona. Dakota ɗin nan ƙirar kamfanin Douglas ce ta Amurka, kuma mata ne da yawa cikin masu haɗa ta. Ke nan Auta, ba mamaki wata baiwar Allah a Kalifoniya ita ta buga ƙusoshin jirgin da ya ciyar da kakanka. Da shinkafar ba ta sauko ba, da babu mai yi mana wannan gardamar.

Auta: Gwaggo, Allah ya ja kwana, kin kashe bakina ta wannan gefen. Na janye "ba su yi yaƙi ba". Amma gardi yana nan daram. Sojan Amurka ya koma gida dokar 1944 ta biya masa kuɗin jami'a ta ba shi rancen gida. Baba Soja da me ya dawo?

Anti Nas: Ko a can ɗin ba kowa ya ci moriyar dokar ba. Baƙar fata ya je banki da takardarsa, a kudu musamman, sai a yi ta masa hanya-hanya.

Yaya Direba: Ni dai an gama min lodi, zan kama hanya. Auta, ba ka ba ni amsar motocina ba, ina binka bashi. Kuma kada wanda ya taɓo zancen Hiroshima sai na isa masauki, ina da magana a kai.

Gwaggo: Da me ya dawo? Da lambobi biyu, da bargo, da tarin da bai rabu da shi ba. Lambobin suna nan cikin gwangwanin da ke ƙarƙashin gadona, an naɗe su a guntun ƙyallen lemar. In ka zo hutu ka tuna min in nuna maka, ka taho min da man zafi.