Aikin gindin ayota ba tare da cire bawul ba: hanyar David ko ta Yacoub?

Ƙaramin Likita, Gyaɗi-Gyaɗi: Assalamu alaikum, malamaina. Muna duba wata matar aure 'yar shekara 27 mai ciwon Marfan, ciwon gado da ke raunana naman jijiyoyi, wadda gindin babbar jijiyarta ta ayota ya kumbura har ya wuce santimita 5, amma hoton zuciya na eko ya nuna ganyayyaki uku na bawul ɗin da ke bakin jijiyar lafiyarsu ƙalau. Tana son haihuwa, don haka ba ma so a sa mata bawul na ƙarfe ta dawwama a kan wafarin, maganin hana daskarewar jini da kan cutar da ɗan tayi. Kafin mu tura ta wajen masu aiki, wace hanya ta fi dacewa da ita?

Likitan Tiyata, Nasarawa: Wa alaikumus salam, ƙanena. A kan mai Marfan, ni hanyar Tirone David na Toronto, wadda ya wallafa a 1992, na fi amincewa da ita. Ana yanke bangon da ya kumbura, a ware bakin jijiyoyi biyun da ke ciyar da zuciya kamar maɓallai, a bi ƙarƙashin zoben bawul da ɗinki, sannan a zura bawul ɗin gaba ɗaya cikin bututun Dakron, wato jijiyar roba, a ɗinke shi daga ciki. Ta haka zoben ya shiga ɗauri, ba shi da damar ƙara faɗi. A hanyar Magdi Yacoub kuwa, bututun ake tsagawa harshe uku a ɗinka a gurbin aljihuna ukun gindin jijiyar da aka cire, zoben yana nan a sake, kuma naman mai Marfan ba ya daina miƙewa, shi ya sa bawul ɗin kan fara yoyon jini bayan shekaru.

Likitar Zuciya, Tarauni: Ranka ya daɗe, na yarda, amma kada a rage wa hanyar Yacoub daraja. Tana maido da siffar aljihunan uku, ganyayyakin su riƙa buɗewa da rufewa kusan yadda aka halicce su, kuma Emmanuel Lansac na Faransa ya magance raunin zoben ta hanyar kewaye shi da wani zobe daga waje. Ga dattijon da zobensa bai faɗaɗa ba, ta wadatar. Ko wacce aka bi, dole a auna tsayin bakin ganyayyakin daga zoben bawul bayan ɗinki, wajen milimita 9, domin ganyen da ya zube ƙasa shi ke jawo yoyo.

Likitan Tiyata, Nasarawa: Haka ne, Hajiya. Sai dai ƙanena, ka sake duba ekon da kyau, saboda a Kano ciwon zuciyar da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro na yarinta ya yi yawa, kuma ganyen da ya yi kauri ko ya ƙanƙance ba ya gyaruwa da ɗayan hanyoyin nan. Idan haka ta kasance, sai aikin Bentall na 1968, inda ake sauya gindin jijiyar da bawul ɗin gaba ɗaya. Ka kuma gaya mata da mijinta cewa ta dakata da ɗaukar ciki har a yi aikin, kuma za ta ci gaba da zuwa hoton sauran jijiyar duk shekara.